Tsakanin Wanki da Wanki

Mahaifiyarsa ba ta taɓa ambaton sunansa ba, domin shi ne ɗanta na fari. Yana ƙarami "wancan yaron" take cewa. Da ya gama jami'ar kimiyya da fasaha ta Kumasi ya sami aiki, sai ta koma kiransa Injiniya, mutanen zango kuma suka ɗauka daga bakinta. Kakan kakansa ya sauko daga ƙasar Hausa ne tare da fataken goro, ya ratsa Gwanja, ya yada zango a ƙasar Asante, bai koma ba. Shi kuwa aiki ya gangara da shi gaɓar teku, inda Gana ta jera tashoshinta na wutar lantarki masu ƙona gas da mai, a wajajen Takoradi da Tema. A ɗaya daga cikin tashoshin nan ya shafe shekaru yana fama da wata tambaya wadda in ya faɗe ta a gidan biki dariya za a yi masa: yaushe ya kamata a wanke inji?

Injin da yake kula da shi tarbin ne mai ƙona gas, mai ba da megawat 110. Sassa uku gare shi, jere a kan sanda guda. Na gaba shi ne kwamfuresa, wato sahu 17 na fukafukan ƙarfe masu juyawa sau 3,000 a minti ɗaya, suna zuƙo iska suna matse ta sahu bayan sahu, har matsinta ya ninka na sarari fiye da sau 10. Na tsakiya murhu ne, inda ake watsa gas cikin matsattsiyar iskar a cinna wuta. Na ƙarshe shi ne tarbin ɗin kansa, inda iskar mai ƙuna ke bugun wasu fukafukan, su juya sanda, sanda ta juya janareta. Abin da baƙo ba ya zato shi ne, fiye da rabin ƙarfin da tarbin ya samar kwamfuresa ce ke cinye shi kafin a je ga janareta. Ragowar ce kawai ke zama wuta a gidajen mutane. Lamarin ya yi kama da na manomin da kuɗin taki da na ƙwadago ke cin fiye da rabin amfanin gonarsa: ɗan ƙarin da bai taka kara ya karya ba a wajen kashewa, babban giɓi ne a rumbu.

Inji irin wannan yana shaƙar iska kimanin kilo 400 a kowane sakan, wato sama da tan 34,000 a kwana guda. In ya yi aikin awa 8,000 a shekara, iskar da ta bi ta cikinsa ta haura tan miliyan 11. Ko da ƙura kashi ɗaya ce tak cikin miliyan na nauyin iskar, tan 11 ke nan na ƙasa suka nufi bakin injin. Saboda haka ne ake gina ɗaki guda cike da filta a gabansa. Filta tana tare manyan ƙwayoyi, waɗanda in sun shiga sukan zaizaye ƙarfe kamar yadda yashi ke cin dutsen rafi. Ƙananan kuwa, masu kaurin maikiron biyu ko uku, alhali silin gashin kai ya kai kimanin 70, wasunsu sukan sulale su wuce. A bakin teku suna tarar da abokan zama: gishirin da iska ke ɗebowa daga ruwa, da tururin man da ke tsattsafowa daga injin kansa. Waɗannan su ne danƙon da ke liƙa ƙura a jikin fukafuki. Dauɗar da kaurinta bai fi na takarda ba ta isa ta ɓata santsin ƙarfe da siffar da aka ƙera shi da ita. Iskar da ke shiga ta ragu, matsi ya faɗi, wuta ta ragu, gas ɗin da ake ƙonawa a kan kowane megawat kuma ya ƙaru. In abin ya yi nisa, kwamfuresa tana iya sarƙewa ta yi aman iskar baya da ƙarar da ke girgiza gini, wannan kuwa hatsari ne ga injin baki ɗaya.

Wata tara na shekara ƙurar gaɓar teku mai sauƙi ce. Sai hunturu ya kama. A arewacin Chadi akwai wani kwari da ake kira Bodele, wanda a zamanin da gindin wani makeken tafki ne, Tafkin Chadi na yau ragowarsa ne. Da ruwan ya ƙafe sai ya bar farar ƙasa mai laushi kamar gari, ta ɓawon ƙananan halittun ruwa. Iskar arewa maso gabas takan matsu tsakanin duwatsun Tibesti da na Ennedi, ta fito da ƙarfi ta faɗa kwarin, ta kwashi garin nan ta yi sama da shi. Masana suna lissafa Bodele cikin wuraren da suka fi ko'ina tayar da ƙura a duniya, har wani kaso nata yakan ƙetare teku ya sauka a dajin Amazon. A kan hanyarta takan bi ta Barno da Kano, ta rufe Tamale, ta sauko Kumasi, ta iso bakin teku tsakanin Disamba da Fabrairu. Injiniya yakan ce wa yaran aikinsa hanyar kakanninsa ƙurar ke biyowa, sai dai ita ba ta biyan fito. Abin da mutumin gari ke gani hazo, wanda ke dusashe rana ya fasa leɓe, shi a wurinsa lambobi ne da ke zamewa ƙasa a kan allon ɗakin kula da injuna.

Hausa ta rarrabe aikin ruwa daki-daki. Jiki wanka ake yi masa, tufafi wanki, kwanuka wanke-wanke. Akwai jiƙo, akwai cuɗa, akwai dirza, akwai kuma ɗauraya, wadda ita ce zuba ruwa a kawar da abin da bai riga ya kama ba. Da Turanci ake aiki a tashar, amma da wani matashi ɗan Bawku ya zo koyon aiki a ƙarƙashinsa, suka gane duk suna jin Hausa, sai Injiniya ya raɗa wa hanyoyin tsabtace kwamfuresa guda biyu sunayen gida: ɗauraya da wanki.

Ɗauraya ana yin ta ne inji na kan aiki. A fesa tataccen ruwa, wanda aka raba da gishiri da ma'adinai, a bakin kwamfuresa na tsawon minti 15 zuwa 30. Wuta ba ta tsayawa, babu wanda zai san an yi. Amma iskar da ake matsewa zafi take yi, kafin ta kai sahun ƙarshe ta doshi digiri 350, don haka ruwan yakan ƙafe tun a sahun farko-farko. Na gaba su yi fes, na baya su zauna da dauɗarsu, wani lokaci ma su karɓi wadda aka kankaro daga gaba. Ɗauraya jinkirta lalacewa take yi, ba ta mayar da inji yadda yake.

Wanki kuwa sai an kashe inji. A jira sa'o'i masu yawa ƙarfe ya huce, domin ruwan sanyi a kan ƙarfe mai ƙuna yana iya tanƙwara shi ko ya tsaga shi. Sannan a juya sanda a hankali da injin tayarwa, a fesa ruwan sabulu, a bari ya jiƙa, a yi ta ɗauraya har ruwan da ke fita ya yi tsabta, a busar, a sake kunnawa. Tun daga kashewa zuwa dawowa cikakken aiki yakan ci kusan kwana guda. Ladansa shi ne yana dawo da kusan dukkan abin da dauɗa ta ci. Mutanen da can sukan watsa shinkafa ko niƙaƙƙen ɓawo mai tauri cikin injin yana gudu don ya kankare dauɗa, amma an bar wannan dabara da aka fara yi wa fukafukai rufin kariya, aka kuma huda musu ƙananan kafofin sanyaya waɗanda ɓawon ke toshewa.

Ba a jami'a ya fara ganin bambancin nan ba. Mahaifiyarsa koko take sayarwa tun kafin a haife shi, kokon gero mai citta da kanumfari da barkono, wanda duk Gana ke kira da sunan Hausawa. Yana yaro shi ke riƙe mata bakin ƙyallen tata. In ƙullu ya fara jinkirin sauka sai ta tsoma ƙyallen a ruwa ta girgiza, ta ci gaba. Sau uku, sau huɗu haka. Can kuma sai ta ajiye komai, ta ɗauko sabulu ta wanke ƙyallen sosai ta shanya, aikin ya tsaya. Bai taɓa ganin ta ƙirga ba, bai kuma taɓa tambayarta yadda take sanin lokaci ya yi ba.

A shekarunsa na farko a tashar bai ga abin tunani a ciki ba. Ƙa'idar da ya tarar ita ce wanki kowane wata uku, an rubuta a jadawali an liƙa a bango. Wata damina ranar wanki ta zo, ya sa aka kashe inji kamar yadda takarda ta ce. Da suka buɗe ƙofar dubawa suka haska fitila, sai ga fukafukan gaba suna ƙyalli. Ruwan sama ya kwantar da ƙurar sarari makonni da dama, ɗauraya kuma ta riƙe sauran. Suka yi wankin duk da haka, tunda an riga an tsaya. Abin da ya dawo bai kai megawat ɗaya ba, an kuwa zubar da wutar kwana guda, megawat-awa 2,640. Babu wanda ya tuhume shi, domin ƙa'ida ya bi. Shi dai ya kwana da abin a ransa.

Daga nan ya fara ajiye littafi. Karanta allo kawai ba ya wadatarwa, domin iska mai sanyi ta fi mai zafi nauyi, inji yakan ba da wuta da yawa da asuba, ya rage da azahar, ko da dauɗa ko babu. Sanyin safiyar hunturu ma yakan ɓoye ɓarnar ƙurar da ya kawo. Sai an mayar da kowane awo kan ma'auni guda da injiniyoyin duniya suka yarda da shi, wato zafin digiri 15, danshi kashi 60 cikin ɗari, da matsin iska na daidai da teku, sannan a kwatanta yau da jiya. Sai kuma an ware asarar da toshewar filta ta jawo, domin wannan canjin filta ne maganinta, wanki ba ya taɓa ta. Abin da ya rage bayan an cire waɗannan shi ne rabon dauɗa, kuma matsin iska a ƙarshen kwamfuresa yakan tabbatar da shi.

Da lambobin suka taru sai lissafin ya fito da kansa. Wanki yana da farashi tsayayye, a ce wutar kwana ɗaya. Dauɗa kuwa bashi ce mai hauhawa, abin da ta ci yau ya fi na jiya. Mai yawan wanki yana biyan farashin farko babu gaira babu dalili, mai jinkiri kuma yana biyan na biyu. Inda suka daidaita yana da sauƙin faɗa: ranar da jimillar abin da dauɗa ta ci tun daga wankin baya ta kai abin da wanki ɗaya ke ci, ranar ce ranar wanki. In inji yana rasa kashi ɗaya cikin 2,000 na ƙarfinsa kowace rana, sai a ninka 2,000 sau biyu a sami 4,000, a nemi lambar da in aka ninka ta da kanta za ta ba da wannan. Amsar kwana 63 ce. In ƙura ta ninka sau huɗu, asarar ta koma kashi ɗaya cikin 500, amsar ta zama kwana 32. Ƙura ta ninka huɗu ke nan, amma tazarar rabi kawai ta ragu. Daga baya ya gano lissafin tsoho ne: wani injiniyan Amurka mai suna Ford Harris ya wallafa irinsa a 1913, domin masana'antu su san yawan kayan da ya dace su ƙera a zubi ɗaya. Ya kuma lura dauɗa ba ta bin miƙaƙƙen layi sak, takan taru da sauri da fari sannan ta lafa, don haka lambar da ya samu manuniya ce, ba hukunci ba.

Da littafin a hannu ya nemi a riƙa ɗage wankin damina in awo bai nuna buƙata ba. Nan da nan aka yarda, har da yabo. Ashe roƙon a jinkirta tsayawa ba shi da wuya. Mai wuyar na nan tafe.

Shekarun nan Gana tana cikin abin da aka raɗa wa suna dumso, daga harshen Asante, wanda mutanen zango ke kira Tonanci: dum, kashe, so, kunna. A watan Agustan 2012 ƙugiyar wani jirgin ruwa ta fasa bututun da ke kawo gas daga Najeriya, a tekun da ke daura da Lome, gas ya yanke kusan shekara guda. Ruwan madatsar Akosombo ya yi ƙasa, kuɗin sayen mai ya yi wuya, buƙatar wuta kuma tana ta ƙaruwa. A 2015 abin ya kai unguwanni suna yin awa 24 babu wuta, a ba su ta awa 12. A cikin ɗaya daga hunturun shekarun nan aka wanke injinsa a farkon Disamba, jadawali ya ce sai farkon Maris. Mako guda bayan wankin hazo ya sauko, mai kauri, irin wanda ke hana jirgin sama sauka.

Ya mayar da ɗauraya ta kullum. Duk da haka kafin wata ya cika injin ya rasa sama da kashi 5 cikin ɗari. Ɗan Bawku ya tsaya a bayansa yana kallon allo.

"Maigida, me zai hana mu riƙa ɗauraya safe da yamma?"

"Ɗigon ruwa a kan fukafukin da ke wannan gudu tsakuwa ne, ƙanena. Kullum sau biyu, bakin sahun farko zai fara cinyewa, wannan kuwa sabulu ba ya mayar da shi. Kuma gishirin da muke korowa daga gaba ina kake tsammani yake zuwa? Murhu yake shiga, ya haɗu da wuta ya ci fukafukan tarbin."

Ya ɗauki littafinsa ya tafi ofishin manaja. Ya nuna masa megawat biyar da rabi suna zubewa dare da rana, megawat-awa 132 kowace rana, wanda cikin kwana 20 ya yi daidai da kashe injin kwana guda cur. Ya ce in an bar shi zuwa Maris, abin da za a rasa ya ninka farashin wankin sau da yawa. Manaja dattijo ne wanda ya girme shi a aiki da shekara 15. Ya karanta lambobin har ƙarshe, bai musa ko ɗaya ba.

"Injiniya, lissafinka daidai ne. Amma ka ɗauki waya ka gaya wa masu rarraba wuta cewa gobe za ka cire megawat 110 daga ƙasar da rabinta ke cikin duhu, domin ka yi wanki. Biyar da rabi ɗin nan babu wanda ya san sun ɓata. Ɗari da goma kuwa kafin magariba an faɗe su a rediyo, da sunan tashar nan."

An buga wayar, aka ce a dakata. Ya fito ransa a ɓace. A ganinsa an zaɓi asarar da ba ta da mai ita a kan wadda za a iya nuna wani da yatsa a kanta, shi ke nan.

Daren nan ƙanwarsa ta kira shi daga Kumasi. Ƙanƙara da zoɓo take sayarwa, da su take biyan kuɗin makarantar 'ya'yanta uku tun rasuwar mijinta.

"Yaya, wai ku me kuke yi ne a can? Tun jiya da safe babu wuta, firiza ta narke, zoɓon duk ya yi tsami na zubar. Mutane har tambayata suke yi, ba wanki ne ke aikin wutar ba?"

Ya buɗe baki zai yi mata bayani, sai ya tuna abin da ya je roƙo da rana. Da an amsa masa, wataƙila unguwarta ce za a ƙara wa wani kwanan duhu. Ba shi da hanyar da zai nuna mata cewa megawat biyar ɗin da ke zubewa su ma daga firizar wata suke fita, awa ɗaya nan, awa ɗaya can, a unguwannin da babu mai iya lissafa su. Ya ce ta yi haƙuri, zai aiko da wani abu ƙarshen wata. Gaba kura, baya sayaki.

Abin da ya rage a hannunsa shi ne shiri. Ya sa aka cika tankin tataccen ruwa, aka gwada famfo, aka kawo sabulu aka ajiye kusa, aka rubuta sunayen waɗanda za a kira ko da tsakar dare ne. Ya bi ofis-ofis yana tambayar ko akwai wani aikin da zai tilasta a tsayar da injin. Ya samu: masu gyaran layi suna da aiki a kan taransifomar da injin ke tura wa wuta, an daɗe ana ɗagewa, an tsayar da wata Lahadi, ranar da masana'antu ke hutu buƙata ta yi ƙasa. Ranar ta faɗo kwana 45 bayan wankin baya. Tunda injin zai tsaya ko da wanki ko babu, farashin wankin ya koma kuɗin ruwa da sabulu da ɗan ƙarin sa'o'i.

An kashe injin daren Asabar bayan an wuce lokacin da gari ya fi shan wuta. Suka bar sanda tana juyawa don ƙarfe ya huce da wuri. Da hantsi awo ya nuna zafin ciki ya sauko inda maƙeran injin suka yarda a zuba ruwa. Aka buɗe magudanan ƙasa, aka rufe bututun da bai kamata ruwa ya shiga ba, ɗan Bawku yana bin takarda yana sa alama a kan kowane famfo, domin famfo ɗaya da aka manta a buɗe ko a rufe ya isa ya ɓata aikin duka. Aka fesa ruwan sabulu, aka bari ya jiƙa. Ruwan farko da ya fito baƙi ne mai maiƙo, na biyu ruwan ƙasa, na uku fari-fari kamar ruwan tsarin gero. Injiniya ya tara tafinsa ya murza abin da ya kwanta, laushinsa kamar kwalli. Ƙasar Chadi ce ta yi tafiyar dubban kilomita ta ƙare a kwatar tasharsu. Masu gyaran layi suka aiko cewa sun kusa gamawa, kada wankin hula ya kai su dare. Bai yarda a tsaya ba sai da na'urar gwaji ta nuna ruwan da ke fita ya kusa daidai da wanda ke shiga, domin sabulu da gishirin da aka bari a ciki sun fi dauɗar farko illa. Kafin magariba injin ya koma layi. Megawat bakwai suka dawo. Ɗan abin da ya rage bai dawo ba, wannan rabon tsufa ne, na zaizayar ƙarfe da buɗewar tsakanin fukafuki da bango, sai ranar babban gyara.

Bayan kwana biyu ya zauna ya sake lissafin da sanyin rai, domin ya san nawa jinkirin ya ci. Abin da ya gani ya kunyata shi kaɗan. Ko da a ce an biya cikakken farashin tsayawa, wanki a kwana 45 maimakon 32 ƙarin asarar kashi 6 cikin ɗari kawai yake jawowa a kan mafi ƙarancin da za a iya samu. Lissafin yana da faɗin ƙirji a kusa da amsarsa: mako ɗaya gaba ko baya ba ya cin komai sosai. Da an bi jadawalin bango zuwa kwana 90 ne asarar za ta ƙaru da kusan kashi 60. Ke nan ya yi gaskiya da ya yaƙi jadawali, amma zafin da ya ɗauka a kan mako biyu ya wuce abin da lambobinsa suka ba shi izini. Ya kuma ga wani abin da littafinsa bai ɗauka ba. Littafin yana ƙirga kowane megawat-awa daidai da ɗan'uwansa, alhali wutar ƙarfe bakwai na daren Talata, lokacin da ɗalibai ke karatu, asibitoci ke cike, ba ɗaya take da ta safiyar Lahadi ba. Manaja bai iya faɗin haka da lambobi ba, amma abin da yake karewa ke nan, ko da tsoron rediyo ya gauraya a ciki.

Tare suka sake rubuta ƙa'idar tashar. Aka cire wata uku daga bango. Ɗauraya ta zama ta kullum a hunturu, ta kwana biyu ko uku a sauran shekara. Wanki kuwa aka ba shi tazara maimakon rana: in jimillar asara ta kai rabin farashin tsayawa a fara neman dama, duk tsayawar da ta zo daga nan a yi amfani da ita, in kuma ta ninka farashin ba a sami dama ba, a tsayar da inji ko ana so ko ba a so, ranar Lahadi. Tankin ruwa kuma kada ya kwana babu komai daga Nuwamba zuwa Maris.

Da Sallah ta zo ya hau mota zuwa Kumasi. Mahaifiyarsa ta tsufa, jikarta ce ke tatar koko yanzu, ita tana zaune a kan kujera 'yar tsugune tana jan carbi. Yarinyar ta tsoma ƙyalle a ruwa ta girgiza karo na uku, tsohuwar ba ta ko ɗaga kai ba ta ce, "Wannan ya gama, gobe sabulu yake so." Ya matso kusa da ita.

"Mma, yaya kike ganewa?"

"Ido ba mudu ba ne, Injiniya, amma ya san kima. In na ji hannu ya fara yi wa ƙyalle aikinsa, lokaci ya yi."

"To me ya sa kika ce gobe, ba yanzu ba?"

Ta dube shi kamar mai mamakin abin da aka koya masa a jami'a.

"Ga mutane can a ƙofa da kofunansu. A sallame su tukuna."

Yarinyar ta ci gaba da matsa ƙullu, yana sauka a hankali. Shi kuma ya miƙe ya riƙe mata bakin ƙyallen.